Wandon da Mai Walda Ya Rage

Zuwa ga Takwarana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ni dai gwiwa ce take yi mini gardama idan na daɗe a kan keken ɗinki. Matarka, wato tsohuwar da ka bar mini ajiya, tana gaishe ka. Ta ce ko sabulu ba ka aiko mata ba, in ka yi wasa za ta dawo wurina gaba ɗaya.

Hotonka ya iso ranar Litinin. Sai da na fita bakin shago na ɗaga shi a rana don in tabbatar jikana ne. Kumatu! Wuya har da ninki! Na nuna wa mai aski, na nuna wa mai faci, har wata mata da ta zo karɓar ɗinki na nuna mata, ita ba ta ma san ka ba.

Ka san ni tela ne, ba na yarda da ido sai da tef. Ranar da muka kai ka cibiyar masu daina shaye-shaye, wata bakwai ke nan, na auna ƙugunka kafin mu fita. Inci ashirin da bakwai, namiji ɗan shekara ashirin da shida. Na rubuta a littafin awo. Yanzu ka rubuto mini arba'in. Na kai wa malaminmu na ajin manya na yamma, na rufe sauran maganarka da tafin hannu, na ce ya duba mini lambar nan kaɗai. Ya ce arba'in ce. Na ce ya sake faɗa.

Ga wanduna biyu na ɗinka maka, yadi mai kauri. Ga kuma biskit da alewar madara irin wadda kake sace mini a aljihu kana ƙarami. Ka ci, Takwara, ka ƙara. Tunda ka yar da layin wayarka saboda tsofaffin abokai, ni kuma kunne ya yi nauyi, takarda ta fi mana. Ba a banza na shiga aji da furfura ba.

Kakanka, da hannunsa.

*

Tsohona,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, aiki a wurin buga takardu yana tafiya. Ka sassauta wa gwiwar nan. Ka gaya wa matata sabulu yana tafe, kai kuma ka daina yi mata daɗin baki a bayan idona.

Wandunan sun zauna kamar a jikina aka yanka su. Na gode.

Amma akwai maganar da zan faɗa maka, kada ranka ya ɓaci. Ƙibar nan ba duka ce lafiya ba. Da na bar ƙwaya, sai wani rami ya riƙa buɗewa a cikina kullum da la'asar, daidai lokacin da na saba sha. Ni kuma na riƙa cika shi da kayan zaƙi. Lemon kwalba biyar a yini, biskit fakiti guda a tsaye ban ma ji ɗanɗanonsa ba. Ran nan na kama kaina ina tura ledojin ƙarƙashin katifa, kamar yadda nake ɓoye ƙwaya a da. Likitar cibiya ta ce sukarin jinina ya kusa bakin iyaka. Bene ɗaya nake hawa in tsaya ina haki.

Duk Alhamis muna zama da waɗanda suka daina irina, mu goma sha ɗaya. Da na faɗi wannan, ashe rabinsu haka suka yi. A wurinmu kowa ana haɗa shi da wanda ya riga shi nisa. Nawa wani mai walda ne, shekararsa bakwai bai taɓa komai ba. Shi ma ya taɓa yin ƙibar da sai ya zauna yake ɗaure takalmi. Muna ce masa Baban Walda. Kowace safiya kafin aiki muna zaga filin ƙwallo sau huɗu. Ya koya mini in ci abinci a zaune, a faranti, in fara da ganye da kifi kafin shinkafa. In ramin ya buɗe da la'asar, sai in je shagonsa in riƙe masa ƙarfe har abin ya wuce. Mutumin kirki ne, Tsoho, za ka so shi.

Roƙona biyu. Kada a sake aiko da alewa. Wando na gaba kuma a yi shi talatin da takwas.

Jikanka.

*

Takwara,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka san ta.

Na karanta wasiƙarka sau uku, na kuma ƙirga layi. Mai walda ya ci layi takwas. Ni na samu biyu, su ma a kan wando.

Tun yaushe ka yi sabon baba? Mahaifinka ya rasu kana rarrafe. A ƙarƙashin teburin yanka ka girma, a kan ƙyallaye kake barcin rana, ƙarar kekena ce take lallashinka. Shekara ashirin da shida ban ji ka ce mini Baba ba, Tsoho kawai. Wani ya zaga fili da kai sau huɗu, ya zama Baba. Ba komai. Ni ba kishi nake yi ba, tambaya ce.

Kuma wane irin mutum ne zai ga wanda ya fito daga wahala ya fara yin kumatu, ya ce a je a zubar da su a filin ƙwallo? Ya san yadda kake a da? Ya taɓa ɗaga ka daga bakin kwata ya ji nauyinka bai kai na kan keken ɗinki ba? Ni na ɗaga. Riƙe ƙarfe kuma, ai ɗan aiki ya samu kyauta.

Ga wando, talatin da takwas kamar yadda ka ce, kada a ce na ƙi jin magana. Amma ban yanke rarar yadin ba. Na naɗe inci biyu a ciki ta baya. Ranar da jikinka ya dawo, zare ɗaya za a farke.

Alewar da za ka gani a aljihun hagu ba ni ba ne, matarka ce ta sa. Ni buɗe mata aljihun kawai na yi.

Kakanka, wanda ba Baba ba.

*

Tsohona,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, aiki ya yi yawa, wannan ma a lokacin hutun rana nake rubutawa.

Na yi dariya a kan lissafin layi har mai injin yanka ya leƙo.

Alewa ta iso, amma ban ajiye ta a ɗaki ba, don na san kaina. Baban Walda yana da wani akwatin ƙarfe da ya haɗa da kansa, da kwaɗo. Duk abin da ya fi ƙarfin mutum ya kwana da shi, can yake kai wa. Ran Alhamis a buɗe, kowa ya ɗauki ɗaya a gaban jama'a, a ci a zaune da shayi. Alewarka ta zaga mu duka. Baban Walda ya ce bai taɓa cin mai daɗinta ba.

Ga abin dariya. Na sa ɗaya daga cikin wandunan nan na farko, mai arba'in, na ruga in kama mota, sai ga shi yana neman gwiwa. Da hannu ɗaya na riƙe shi har shago. Baban Walda ya ɗauko zare da allura ya rage mini shi nan take. Yanzu ina talatin da shida.

Saura wata biyu in cika shekara. A ranar ana ba mutum dama ya kawo mutum ɗaya da zai tsaya kusa da shi. Zan rubuto maka a kan wannan.

Jikanka.

*

Takwara,

Muna lafiya. Gaisuwar ke nan yau.

Wato alewar da matarka ta zaɓa da hannunta, mai walda ne ya shanye har yana yabawa. Wato ɗinkin da na yi kwana biyu a kansa, mai walda ya sa masa allura. Shekara hamsin ina sana'ar nan, ba wanda ya taɓa gyara aikina. Ni na taɓa zuwa na ce zan liƙa masa ƙofa? Mutum ɗayan da zai tsaya kusa da kai kuwa, ba sai ka wahalar da biro ba, na riga na gane.

Amma ba wannan ya sa na ɗauko takarda ba. Na buɗe littafin awo, shafinka. Shekara uku da suka wuce kana talatin da huɗu. Sai talatin da ɗaya. Na tambaye ka, ka ce zazzaɓi ne. Sai ashirin da tara, ka ce ƙwallo kake bugawa. Na yarda, na rage maka wando da hannuna, ina taya ka ɓoye abin da ban sani ba. Sai ashirin da bakwai.

Yanzu ga shafin ya sake gangarowa. Arba'in, talatin da takwas, talatin da shida, cikin wata uku. Wancan karon ƙwallo, wannan karon zaga fili. Kuma kana yini a shagon tsohon mashayi, mai akwati da kwaɗo wanda ban san abin da ke cikinsa ba.

Ka dubi Allah ka gaya mini gaskiya. Ka koma ruwa ne? In haka ne, ka tattara kayanka ka dawo gida. Ba zan sake ɗinka wandon da zai rufa wa ƙwaya asiri ba.

Kakanka.

*

Takwara,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, don ba mu sani ba.

Mako biyar ke nan. Duk ranar da motar saƙo ta shigo ina zuwa tasha, har masu lodi sun fara ce mini yau ma babu kafin in buɗe baki. Matarka ta daina yi mini magana sai in abinci ya sauka. Na sa ta a gaba na karanta mata abin da na rubuta maka, don ina ajiye kwafi kamar yadda malam ya koya mana. Ta ce da ban iya rubutu ba da ya fi.

Jiya na yanka hannun riga biyu duk na hagu.

Ko zagi ne ka rubuto, zan karanta.

Kakanka.

*

Zuwa ga Baba Tela,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ina gaida Mama. Ni ne mai waldan. Jikanka ya san ina rubuto maka. Ya ce in yi, shi har yanzu in ya ɗauki biro sai ya ajiye.

Na farko, bai koma ba. Cibiya tana gwada su duk wata, ya ce in sa maka takardar gwajin a ciki, ka kai wa malaminku ya duba.

Na biyu, zan gaya maka abin da ya faru don ka sani, ba don in ɗora maka laifi ba. Ranar da wasiƙarka mai tambayar ko ya koma ta zo, ya tashi daga aiki ya bi ta layin da ake sayar da abin. Ya ce ya tsaya a bakin layin har inuwa ta juya. Bai shiga ba. Ya shiga kanti ya sayi biskit fakiti uku ya cinye a gefen titi, sannan ya zo shagona da la'asar yana kuka kamar an yi rasuwa. Ya ce, tunda Tsoho ya riga ya yanke hukunci, me nake wahalar da kaina a kai? Na ba shi ƙarfe ya riƙe. Mun haɗa ƙofa ɗaya da taga biyu kafin ya yi shiru. Washegari ya fito zaga fili.

Baba, na fahimce ka. Kai rama ka gani ta kusa kashe shi, dole ka ji tsoron tef. Amma waccan ramar da ido a zurme take zuwa, mutum ba ya cin komai. Wannan yana cin abinci sau uku, yana hawa bene uku yana surutu. Likita ta ce ya tsaya a talatin da biyar, nan ne wurinsa, kuma ya kai.

Na uku, an ce kana kishi da ni. Bari in gaya maka wanda ya kamata ya yi kishi. Ina da 'ya'ya uku, babbansu sa'an jikanka ne. Na sayar da injin ɗinkin uwarsu a lokacin da nake sha. Shekara bakwai da na daina, a cikinsu ba wanda ya taɓa aiko mini da layi ɗaya. Duk Alhamis sai jikanka ya fito da wasiƙarka ya karanta mana, da matarka, da mai faci, da lissafin layi, jama'a suna dariya. Ni ma ina dariya, amma a raina kishinsa nake yi. Ni ba wanda yake fushi don wani ya rage mini wando. Baba da suke ce mini, har mai shayin bakin shago haka yake ce mini. Tsoho kuwa mutum ɗaya ne a bakinsa. Tun watan jiya ya rubuta a takardar cibiya cewa kakansa ne zai tsaya masa ranar cika shekara. Abin da ya hana shi faɗa maka, yana neman motar da ba za ta wahalar da gwiwarka ba.

Ga wandon da na taɓa, na dawo maka da shi. Na san na yi ɓarna, ka yafe. Na haɗa da nawa guda ɗaya, in ba za ka ƙi ba. Da wayar ƙarfe nake ɗaure shi. Ƙuguna talatin da bakwai.

Naka, Mai Walda.

*

Takwarana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, yau kam lafiya ta gaske. Matarka ta fara yi mini magana, ta fara da faɗa.

Ban kai wa malam takardar gwajin ba. Na ninke ta na mayar maka, ga ta nan. Da ma bai kamata sai ka nuna mini takarda ba. Na yi maka laifi, ka yafe mini. Na tsorata ne, tsoron kuma ya haɗu da haushin mai walda, suka riƙe mini biro su biyu. Da na karanta cewa ka tsaya a bakin layin nan saboda maganata, sai da na rufe shago na zauna a ƙasa. Da na kai inda aka ce ba ka shiga ba, na buɗe shagon na fita ina ta gaisa da mutanen da na riga na gaisa da su da safe. Mai aski ya ce ko na samu amarya ne. Na ce abin da na samu ya fi amarya.

Yanzu maganar wando. Takwara, wannan mutumin walda ya yi masa, ba ɗinki ba. Baƙin zare a kan yadi ruwan ƙasa, kowane taki kamar tsallen kwaɗo. Amma na ja da ƙarfina bai farke ba, sai da na sa reza. Wannan kam na ba shi.

Na mayar da shi talatin da biyar. Da na gama, inci biyar na rara suna kwance a kan tebur. Hannuna ya fara naɗe su ciki kamar yadda na saba. Na daɗe ina kallonsu. Sai na ɗauki almakashi na yanke. Ga ƙyallen nan a cikin takarda, ka sa a akwatin ƙarfen nan, shi ne abin da ya fi ƙarfina in kwana da shi. A littafin awo na buɗe maka sabon shafi.

Na mai walda ma na gyara. Na yanke masa talatin da bakwai cif, na ƙara masa aljihun biro a gefe. Ka ce masa ya rubuta wa babban ɗansa, kada ya jira. In sun ƙi amsawa, ya rubuto mini, ni ina amsa wasiƙa. Amma ka gaya masa ya tsaya a ƙarfensa.

Na duba aljihunan duka kafin in naɗe. Na kama matarka da alewa biyu a bakin zani, na ƙwace na shanye a gabanta.

Kakanka.

*

Tsohona,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Na yafe tun kafin in kai ƙarshen shafi na farko, kai ma ka yafe mini shirun da na yi.

Wando ya zauna. Ƙyallenka yana cikin akwati. Da aka buɗe ran Alhamis aka gan shi a tsakiyar biskit, na ba su labarinsa. Ba wanda ya yi dariya. Baban Walda ya tashi ya ce hayaƙin walda ne ya shiga masa ido, alhali a ɗakin taro muke.

Motar Laraba ta safe tana da kujerar gaba, na yi magana da direban, za ka miƙe ƙafa. Zan tarye ka a tasha. Taron Alhamis ne da la'asar, kai za ka tsaya a damana.

Ka zo da tef da alli. Tunda suka ga wandon Baban Walda, mutum shida sun kawo nasu suna jira.

Ka duba da kyau, wannan karon layi biyu kacal ya ci. Sauran duk naka ne.

Jikanka.

*

Takwara,

Lafiya lau. Na ƙirga, uku ne. Ba komai, na bar masa.

Sai Laraba, in Allah ya kai mu. Na goge babbar rigata tun yau.

Tsohonka.